Girkin Fadama

Gwaggo Ladidi ta fito daga ɗakin maijego da kwano a hannunta, yadda ta shiga da shi haka ta fito da shi, ko cokali ba a tsoma ba. Farfesun ƙafar sa ne, tun asuba take fama da shi a murhu, ya sha citta da masoro da kanumfari, ya yi luguf har nama na saɓule wa ƙashi. Ta dire kwanon a gindin turmi da ƙarfi, romo ya fantsalo mata a zani.

"Kausar, so kike ki ga bayana?" ta faɗa tana fuskantar labulen ɗakin.

"Gwaggo, wallahi ba da gangan nake yi ba," in ji wata siririyar murya daga ciki. "Ƙarnin ne. Da na shaƙa sai cikina ya juya."

"Ƙarni! Girkin nawa ne mai ƙarni? Shayin da na dafa miki ma cewa kika yi yana ƙarni. Shayi fa!"

Sai kukan jaririya ya tashi, irin kukan nan mai rauni na wanda ya gaji da neman abin da babu.

Kausar 'yar ƙanenta Sanda ce, 'yar fari, ta zo gida garin Ƙarfi haihuwar fari kamar yadda aka saba. Haihuwar ta zo da gardama, ta zubar da jini da yawa, sai da aka garzaya da ita asibiti Malumfashi aka yi mata ƙarin jini. An sallamo ta, an yi suna, jaririya ta ci suna Amatullah. Amma tun daga ranar, abinci ya ƙi zama a cikin maijego. Kunun kanwa sai amai, gasasshen nama ko kallonsa ba ta iyawa. Nono ya ja baya, 'yar tana tsotsa tana saki tana kuka. Jiya mijin, Jibril, ya zo daga Funtua ya durƙusa gaban Gwaggo cikin ladabi ya faɗi abin da ya yanke: yau bayan la'asar zai dawo da mota. In har ba ta ci komai ba, zai mayar da ita asibiti a sa mata ruwa, jaririyar kuma a kai wa mahaifiyarsa Funtua a fara ba ta madarar gwangwani. Da Kausar ta ji za a raba ta da 'yarta, kwana ta yi tana hawaye, ta yi ta tura loma da ƙarfin hali tana dawowa.

Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai ta ko'ina. Tausayi na cin ta, ga kuma kunyar duniya. Matan da ta yi wa wankan jego a garin nan ba su ƙirguwa, kowacce ta tashi ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura. A ce 'yar gidansu ce za a ɗauke daga hannunta!

Da ta rasa wanda za ta sauke wa, sai ta tuna da Sanda. Mutumin nan da sassafe ya sha kokonsa, ya ɗaure fartanya a keke, ya ce "sai na dawo", ya fice, kamar ba a gidansa ake wannan tashin hankali ba. Ko "yaya mai jiki" bai ce ba. Ta san dalili, ai tare suka tashi. Kakanninsu Fulanin shanu ne da suka zauna suka kama noma. Fulatancin ya tafi tun zamanin iyayensu, shanun ma sun bi shi, kunyar ɗan fari ce kawai ta yi zaune a gidan ta ƙi tashi. Tunda aka haifi Kausar, bakin Sanda bai taɓa furta sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "waccan". Ba ya yi mata magana kai tsaye, ba ya zama inda take. Ko da uwarta Nana Aisha ta rasu tana 'yar ƙarama, bai ɗauke ta a gaban mutane ba, Gwaggo ya aika wa ta dawo gidan ta riƙe ta. Ita Gwaggo ba ta ƙin al'ada, amma yau ta ga abin ya wuce kunya ya zama rashin tausayi.

Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarsu Tasalla ta zauna da maijego, ta yafa mayafi, ta nufi fadama da ƙafa. Duk tsawon hanya tana shirya maganganun da za ta yaɓa masa, tana gyara su, tana ƙara musu yaji.

Sanyin safiya bai gama sakin gari ba. Daga kan tudu ta hango fadamar shar, fangali bayan fangali, injin ban-ruwa na ta tatata a bakin rafi. Ta hango hayaƙi siriri yana tashi daga bayan bukkar Sanda. Ta zagaya da saurinta, bakinta a cike, sai ta ci birki.

Sanda na tsugune, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. A gabansa ya shimfiɗa wankakken buhu, a kai ya jera abin da ya haƙo da safen, duk an wanke tas suna sheƙi da ruwa. Ga karas sirara masu ɗanyen ganye a ka. Ga makani. Ga jar albasa da lawashinta. Ga wani dunƙulallen abu ja-jawur har yana baƙi-baƙi, bitirut, wanda yake nomawa fangali guda saboda masu otal na Funtua. Sai ka ce an baje atamfofi a rumfar kasuwa. Gefe guda kuma ga wani tulin ƙasa yana huci.

Ya ɗago ya gan ta. Da yana da inda zai ɓoye kayan nan da ya ɓoye.

"Yaya, lafiya? Ke ce a fadama?"

"Lafiyar ke nan. Mi kake yi haka?"

"Abinci nake ɗan haɗa wa 'yan ƙodago."

Gwaggo ta waiga gabas, ta waiga yamma. Ban da balbelu babu mai motsi a gonar.

"Ina 'yan ƙodagon?"

"Ba su iso ba tukuna."

Ta buɗe baki za ta fara, sai idonta ya faɗa kan tukunyar da ke kan duwatsun murhu. Sabuwa ce dal, ta ƙasa, wuta ba ta ko gama baƙanta gindinta ba. Kusa da ita ga sabuwar ƙwarya da sabon ludayin duma. Gwaggo ta san irin tukunyar, ranar kasuwa kaɗai ake kawo su, kasuwar kuwa ta ci tun kwanaki. Ashe tun ranar ya saya ya aje.

"'Yan ƙodago ne ake saya wa sabuwar tukunya?"

Sanda ya sunkuyar da kai yana kankare karas da wuƙarsa ta aiki. "Tukunyar da ta saba da nama, ko an wanke ta da toka, ƙarnin na nan a jikinta. Mai lafiya ba ya ji. Amma akwai wanda ko ruwan zafi aka dafa masa a ciki, sai ya ji."

Maganar ta doki Gwaggo a ƙirji. Ta tuna tukwanenta, ta tuna ludayinta guda da take juya farfesu da shi ta ɗauraye ta tsoma a kunu, ta tuna shayin da yarinyar ta rantse yana ƙarni ita kuwa ta ce iyayi ne. Ta nemi wani dutse ta zauna, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafu. Maganganun da ta ɗauko daga gida duk suka zube a hanya.

Sai ta zuba ido kawai, kuma abin kallo ne. Sanda ya ɗauki fartanya ya tone tulin ƙasar nan a hankali. Tun da ya iso ya jera manyan hoge, dunƙulen busasshiyar ƙasa, ya yi ɗan ɗaki da su, ya hura karan dawa a ciki har suka yi ja, ya zuba dankali, ya rushe hogen a kai ya rufe da ƙasa. Yanzu ga dankalin yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, bawonsa ya tattare, zuma-zuma na tsatsafowa ta gefe. Ya ɓare guda, cikinsa fari sol. Ya ɓare wani, cikinsa kamar lemun zaƙi, irin nan da malaman gona suka kawo. Ƙamshi ya tashi mai taushi, ba mai hawa kai ba.

"Mi ya hana ka dafa shi a ruwa kamar kowa?" in ji Gwaggo, don dai kada a ce ba ta ce komai ba.

"Ruwa shanye masa zaƙi yake yi. Ƙasa kuwa tana bar masa abinsa."

A tukunya makani ne ya fara shiga shi kaɗai, da ɗan gishiri da ɗanyar citta da ya daddatsa, don shi ne mai taurin kai. Sai da ya fara narkewa ruwan ya yi kauri, sannan ya zuba albasa. Bai sa mai ba, bai sa daddawa ba, dunƙulen miya kuwa ko a bukkar babu shi. Karas ya yanka ƙwaya-ƙwaya ya jira, yana duban tururin kamar mai sauraron magana, sai da lokacin ya yi masa ya watsa su. Ya tsiyaya ɗan ruwan tsamiya da ya jiƙa a gwangwani, ya ɗanɗana a tafin hannu, ya ƙara ɗigo. Bitirut ɗin daban ya dafa shi a wani ɗan kasko.

"Wannan kuma mi ya yi maka ka ware shi?"

"In ya shiga da wuri, kowa sai ya rina shi. Tukunyar duk ta koma ja kamar jini. Wanda ya ga jini kwanan nan ba zai so ganin haka a ƙwarya ba."

Gwaggo ta dube shi da kyau. Ƙanen nan nata da take yi wa kallon dutse, hannayensa duk kanta da faso, ga shi yana juya ludayi a hankali don kada karas ɗaya ya fashe. Ta san yana girki, duk mai kwana fadama da rani yana ɗora tukunya. Amma ta zaci irin dafa-dukan maza ne, a zuba komai a rufe a yi addu'a. Ita da ta tsufa a bakin murhu, ba ta taɓa tunanin kowace saiwa da lokacin shigarta ba. Ta ji wani abu kamar haushi, ta laluba, ta tarar ba haushi ba ne, burge ta ya yi.

"Sanda, wa ya koya maka wannan?"

Ya gutsuttsura gasasshen dankalin manya-manya ya jera a saman faten, fari nan, mai launin lemu can, ya watsa lawashi da ɗan ganyen zogale, ya rufe, ya janye itace.

"Lokacin da aka haifi waccan," ya ce yana kallon wuta, "uwarta ma haka ta yi a gidansu, Dandume. Komai aka kai mata sai ta kau da kai. Na yi ta gwadawa a nan, ina zubarwa, har na dace. Kullum sai in ɗaure tukunya a keke in miƙa wa ƙanwarta ta bayan katanga."

"Daga nan har Dandume? A keke?"

"Da ƙuruciya ai ba nisa."

"Kuma ba wanda ya sani?"

"Wa zan gaya wa, Yaya? A ce surukin gida na yi wa maijego girki?"

Gwaggo ta ji idonta ya yi zafi, sai ta mayar da abin faɗa, don ta nan ta fi sabawa. "To kai da ka san haka, kana ji yarinya na amai ta bayan bango, mi ya hana ka magana tun tuni?"

"Jego naku ne na mata. Ke ce a kai. Na ce ko za ta karɓa daga hannunki." Ya sauke tukunyar, ya buɗe, ya jera yankakken bitirut a gefe guda kamar an yi wa faten ado, ya mayar da murfi. Ya miƙe ya dubi hanya, ya yi kamar mai neman wani. "Da alama mutanen nan ba za su zo ba. Kada ya lalace. Ki tafi da shi gida, ko akwai mai so."

"Wa ke so a gida? Faɗi sunanta in ji."

Sanda ya juya ya kalli injin. "Ruwa ya cika fangalin can, bari in juya shi." Ya ɗauki fartanya ya yi gaba. Sai da ya yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A ƙwaryar nan za a zuba. Kada a sa cokalin gida."

Gwaggo ta yi gammo da gefen mayafinta, ta naɗe tukunyar da buhu ta aza a ka. Wani ɗan acaɓa ya tsaya mata a hanya, ta ce ya wuce, ba ta son a jijjiga mata kaya. Haka ta taka har gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, zafin tukunyar na ratsa gammon.

Ta tarar da Kausar kwance ta juya wa ƙofa baya, Tasalla na jijjiga jaririya. Da jin motsin murfi, Kausar ta ja zani ta toshe hanci.

"Gwaggo, don Allah."

"Ba ci na ce ki yi ba. Kallo kawai za ki yi, ko shi ma ƙarni yake?"

Ta zuba a sabuwar ƙwaryar yadda ta ga an jera, ta aje a bakin katifa, ta koma gefe ta hau ninke tsummokaran jaririya da aka riga aka ninke. Ta wutsiyar ido take kallo. Kausar ta juyo. Ta daɗe tana duban ƙwaryar, fari da ja da kore da ruwan lemu, tururi na tashi a hankali. Ta saki zanin daga hancinta. Ta miƙa yatsu biyu ta ɗauki karas guda ta sa a baki, ta tauna, ta tsaya tana jiran abin da ya saba biyowa. Gwaggo ma ta tsaya, har numfashi ta riƙe. Shiru. Kausar ta tashi zaune, ta gutsuri dankalin, sannan ta jawo ludayin.

Ba ta cinye ba, amma ta ci fiye da rabi, ta jingina da bango gumi na tsatsafo mata a goshi. Bayan azahar ta farka daga barci ta ce da bakinta, "Gwaggo, da saura?"

Tasalla ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa. "Kai, Gwaggo Ladidi! Ni dai na ce in dai kina raye ba maijegon da za ta gagara a garin nan. Wannan wace irin dabara ce?"

Gaskiya ta zo wa Gwaggo har leɓe. Ta tuna mutumin da ya gwammace ya je juya ruwa da ya faɗi suna guda, ta haɗiye. "Allah ne ke yi," ta ce, ta kau da kai. Yabon da ta saba sha kamar fura, yau ya tsaya mata a wuya.

Bayan la'asar Jibril ya iso da motar. Ya tarar da matarsa zaune, an yi mata wanka, 'yar na ƙirjinta tana tsotso ba ta saki ba. Nonon bai kawo sosai ba tukuna, amma kukan ya lafa. Ya dubi ƙwaryar da aka sharce, ya fita ya kira ma'aikaciyar asibitin da ta sallame su a waya, ya dawo fuskarsa a sake. An ce tunda tana ci yana zama, a bar ta, ta ci gaba da shan magungunanta, a kawo ta awo ranar da aka sa mata. Ya durƙusa ya yi ta yi wa Gwaggo godiya, ita kuwa tana ta "ba komai, ba komai" kamar wadda ake tuhuma. Motar ta koma Funtua ba kowa a bayanta.

Rana ta yi ja Sanda ya shigo, ya jingina keke, ya ɗebi ruwa a buta ya hau wanke ƙafa. Bai tambayi komai ba. Ya daɗe yana cuɗa dunduniya guda, kunnensa na wajen ɗakin. Gwaggo ta gaji da kallonsa. Ta shiga ta ɗauko jaririyar a cikin zaninta, ta zo ta danƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu, a ɗarare. Jika dai ba a jin kunyarta, abokiyar wasa ce, kowa ya san haka. Ya matsa kaɗan, ya tsaya daidai inda murya za ta iya ratsa labule.

"Amarya," ya ce wa jaririyar, "an ce kin hana unguwa barci. To ki sani ni ba na auren ramammiyar mace. Ki gaya wa masu ba ki abinci su dinga ci da kyau. Ki ce musu gobe ma akwai, har da rizga in an samu."

Gwaggo ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Daga bayan labule muryar Kausar ta fito. "Amatullah, ki ce wa angonki an gode, Allah ya ƙara girma. Ki ce masa makanin ya fi komai daɗi."

Sanda ya ƙura wa fuskar jaririyar ido. "Makanin," ya ce. "To. To, za a ƙara makani. Tsamiyar fa, amarya, ba ta yi yawa ba?"

"Ki ce ba ta yi ba."

Ladan ya kira magariba. Maza suka fara wucewa ta ƙofar gida zuwa masallaci, ana jin takunsu. Sanda, wanda tun tasowarsa ba a taɓa rasa shi a sahun farko ba, yana nan tsaye da ƙafa ɗaya a jiƙe, yana tambayar jaririya ko gishirin ya ji.

"Ya ji, Baba," in ji labulen.